Ranar da kwamfuta ta mutu, wa zai tuna inda ambilans ta je?

Jama'a, mun saba da bikin miƙa makullin ambilans. A jera motoci farare fes, a ɗaura ƙyalle, manya su yi jawabi, a ɗauki hoto, kafin magariba hoton ya cika Facebook. Ba na raina wannan ko kaɗan, don garin da ba shi da mota shi ya san zafin ɗora mai naƙuda bisa amalanke. Amma yau ina so mu duba wani ɓangare na ambilans da ba ya fita a hoto, wato rubutun da ke bin ta: wa ya kira, ƙarfe nawa, daga wane gari, wace mota ta tashi, wa ke tuƙi, gazuwal na nawa aka zuba, wa ya biya, wa ake bi bashi. Wannan rubutu yana ƙaura sannu a hankali daga kaye da biro zuwa kwamfuta da waya, kuma ƙaurar alheri ce. Abin da ke damuna shi ne, muna murnar sabuwar manhaja ba mu tambayar abin da zai faru ranar da na'urar ta ƙi tashi.

Matsayina a fili yake. Duk hukuma, asibiti, kilinik mai zaman kanta ko ƙungiyar agaji da ta sa aikin ambilans cikin kwamfuta ba tare da kwafin ajiya da aka gwada ba, ta yi ganganci da rayukan mutane da dukiyarsu. Kuma mu ƴan ƙasa muna da haƙƙin mu tambaya, ko da ba mu karanta ilimin kwamfuta ba.

Rubutun ambilans iri biyu ne, kowane da irin hatsarinsa.

Na farko shi ne rubutun aika mota. Idan ka buga 15 don neman SAMU, ko 18 don neman ƴan kwana-kwana, ko majo na wani CSI ya kira asibitin gunduma ya ce ga mace jini ya ɓalle mata, wanda ya ɗauki kiran yana buƙatar wasu abubuwa a gabansa nan take: motocin da ke da lafiya, wadda ke kan hanya da wadda ke gareji, lambar direban da ke aiki a daren, lambobin asibitocin da za su karɓi majinyaci, da kiran da ya riga ya shigo ba a kai ga tura masa mota ba. Amfanin wannan rubutu na mintoci ne. Daga Dakoro zuwa Maraɗi sama da kilomita 100 ne, haka daga Tanut zuwa Damagaram. Zubar jini bayan haihuwa kuwa yana iya kashe mace cikin awa biyu in ba a tare shi ba. Hanya kaɗai ta isa ta cinye lokacin. To a ina za a samo rabin awar neman lambar direba saboda allo ya yi baƙi?

Na biyu shi ne rubutun kuɗi, shi kuma amfaninsa na shekaru ne. Tun 2005 aka ce tiyatar haihuwa kyauta ce a Nijar, a 2006 aka haɗa da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5. Kyautar ga majinyaci take. Shi gidan likita aiki zai yi, ya rubuta faktir, ya aika sama, ya zauna jiran gwamnati ta biya. Masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai sun daɗe suna nuna yadda biyan nan ke jinkiri, bashi ya taru, ɗakin magani ya bushe. Gidan likitan da ya shekara yana jira, in aka ce masa ya sake kawo hujjar aikin da ya yi, hujjar kuma tana cikin diskin da ya ƙone, kuɗinsa sun tafi ke nan. Wanda zai ɗanɗana asarar shi ne yaron da za a kawo gobe a ce babu magani.

Ga kuma kuɗin gazuwal. Sau da yawa iyalan majinyaci ne ke biya, wasu sai sun sayar da akuya. A wasu gundumomi, kamar a jihar Doso, an bi tsarin da ake kira centime additionnel da Faransanci: a ƙara dala ashirin, wato faran 100, kan kuɗin ganin likita, a tara su don kai majinyata babban asibiti. Kuɗin talaka ne, tsaba-tsaba aka tara su. Abin da ke nuna an kashe su a kan hanyarsu shi ne rubutu: tafiya kaza, kilomita kaza, lita kaza. In rubutun ya ɓace, mai gaskiya ba shi da abin kare kansa, ɓarawo kuma ya samu mafaka. A da, in ana son ɓatar da sawu, sai ka ji gobara ta tashi a ɗakin takardu. Yanzu ba sai an nemi ashana ba, ya isa a ce "kwamfuta ce ta lalace", kowa ya ce Allah ya kyauta, a wuce wurin.

Wani zai ce ai alƙaluman lafiya suna hawa DHIS2, manhajar da ma'aikatar lafiya ke tattara rahotanni da ita. Gaskiya ne, amma rahoton wata jimla ce, yana faɗin mutum nawa aka tura babban asibiti. Ba zai gaya maka wa ya biya gazuwal ranar Talata da dare ba, ko ƙarfe nawa motar ta bar ƙofar asibiti.

Abubuwan da ke kashe kwamfuta kuwa duk muna da su a gida.

Akwai wuta. A Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse layin da ke kawo mana kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinmu, ba a maido shi ba sai a Maris 2024. Ko babu takunkumi, kowa ya san yadda wuta ke ɗaukewa ta dawo da ƙarfi a watannin zafi, kuma wannan ɗauke-dawo shi ne ajalin diski.

Akwai ruwa. A daminar 2024 sama da mutum 300 suka rasu a ƙasar nan, ambaliya ta shafi sama da mutum miliyan ɗaya. Maraɗi ta ga abin da ta gani a ƙarshen Agusta, tsohon masallacin Birni a Damagaram ya rufta a farkon Satumba. A Satumban 2020 kuma madatsar Lamorde ta ɓalle, kogin Isa ya shiga unguwannin Harobanda. Ruwan da ya kai gwiwa ya isa ya gama da kwamfutar da aka ajiye a ƙasa ƙarƙashin tebur, kuma ranar ambaliya ita ce ranar da aka fi kiran ambilans.

Akwai rezo. A Fabrairun 2021, bayan zaɓen shugaban ƙasa, an rufe intanet ta wayar salula kusan kwana goma. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Kodebuwa, ƙasashen yammacin Afirka da dama suka shiga matsala. Duk wanda ya ce mana "kada ku damu, kome yana kan intanet", mu tuna masa waɗannan ranaku biyu.

Sai ƙananan abubuwa da ba sa shiga labarai: ƙurar hunturu da ke toshe fankar na'ura, zafin da ke haura digiri 40, kile USB da ya zaga ofis goma ya kwaso ƙwayar cuta, ɓarawon da ya ɗauke kwamfutar hannu ta taga, ma'aikacin da aka canza wa wurin aiki ya tafi da lambar sirri a kansa, da furojen da ya ƙare babu wanda ya gaji biyan kuɗin hayar ma'ajiyar intanet.

Kada a ce wannan ciwon matalauta ne. Ga misalai uku daga wuraren da suka fi mu kuɗi da kayan aiki, kowane da darasinsa.

A Landan, ranar 26 ga Oktoba 1992, hukumar ambilans ta birnin ta koma aika motoci da sabuwar manhaja. Kira ya riƙa ɓacewa, wasu suka yi awoyi suna jiran mota, shugaban hukumar ya yi murabus cikin ƴan kwanaki. Ranar 4 ga Nuwamba manhajar ta tsaya cik. An tanadi wata kwamfuta da za ta karɓi aikin in haka ta faru, amma ba a gwada tsarin yadda ya kamata ba, don haka bai tashi ba. Dole suka koma takarda da biro. Darasi: kwafin da ba a gwada ba fata ne kawai.

A Faransa, ranar 10 ga Maris 2021, gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen ajiyar bayanai na kamfanin OVH a Strasbourg. Wasu kamfanoni sun biya kuɗin kwafin ajiya, sai bayan gobara suka gano cewa kwafin da ainihin bayanan duk wuri ɗaya suke, wuta ta haɗa su ta cinye. A 2023 kotun kasuwanci ta Lille ta umarci OVH ya biya wasunsu diyya, amma diyya ba ta maido da bayanai. Darasi: kwafin da ke ɗaki ɗaya da uwarsa, tare za su mutu.

A Afirka ta Kudu, a Yunin 2024, masu garkuwa da bayanai don neman kuɗin fansa suka shiga kwamfutocin hukumar NHLS, wadda ke yi wa asibitocin gwamnati gwajin jini da sauransu. Suka kulle bayanai, suka goge wani ɓangare har da na ajiya. Makonni aka yi likitoci na jiran sakamako ta waya da takarda. Darasi: duk kwafin da ke jone da rezo, ɓarawo na iya kai masa hannu.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. To yaya ake shafawar?

Kafin a sayi ko da kile ɗaya, shugaban wurin ya zauna da ma'aikatansa su amsa tambayoyi biyu a rubuce. Rubutun awa nawa za mu iya jure rasawa? Awa nawa za mu iya aiki babu manhaja? Amsar ba ɗaya ba ce ga ɓangarorin biyu. Ɓangaren kuɗi yana iya jure tsayuwar kwana ɗaya ko biyu, muddin ba a rasa faktir ba, don haka kwafi ɗaya kowane dare ya ishe shi. Ɓangaren aika mota ba ya jure ko rabin awa. A ɗauka wata gunduma tana kai majinyata uku a rana, kuma ran Juma'a kaɗai take yin kwafi. In diski ya mutu ran Alhamis da dare, tafiya 18 sun ɓace da kuɗinsu da sunayensu. Lissafin ba ya buƙatar injiniya.

Masana harkar suna da ƙa'idar da suke kira 3-2-1: bayanai su kasance kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri na dabam. Manomin Tasawa ko na Madawa ba zai ga baƙon abu a nan ba, don mai hankali ba ya zuba cimaka da irin shuka duk a rumbu ɗaya. A aikace, ga yadda abin zai kasance a asibitin gunduma: bayanan da ake aiki da su a kwamfutar ofis, kwafi na biyu a diskin da ake jonawa da dare a cire da safe a kulle a akwati, kwafi na uku a wani gini da ke tudu, ko a hedikwatar lafiya ta jiha, ko a ma'ajiyar intanet idan rezo ya samu. Diski biyu ko uku a riƙa juya su, ta yadda a kowane lokaci akwai wanda ba ya jone da kome.

A kuma riƙa ajiye tsoffin kwafi: na kwana bakwai da suka wuce, na ƙarshen kowane mako, na ƙarshen kowane wata har shekara ta zagayo. Dalili shi ne, ɓarna ba kullum ake ganin ta ranar da ta faru ba. In wani ya canza lissafin gazuwal a Janairu aka gano a Mayu, kwafin jiya ba zai taimaka ba, don shi ma ya kwashi ƙaryar. A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa da Google Drive da makamantansa. Jakar da ke daidaita kanta da kwamfuta madubi ce: ka goge a nan, ya goge a can. Tura fayil a gurup na WhatsApp ma ba ajiya ba ce, watsa sirrin majinyata ne cikin wayoyin da ba wanda ya san inda za su kwana.

Ga ɓangaren aika mota, babban kwafin ko-ta-kwana takarda ce. Duk lokacin da ma'aikata suka yi canji, a buga shafi ɗaya: motocin da ke aiki, direbobi da lambobinsu, lambobin CSI da asibitoci. A ajiye takardun karɓar kira masu lamba a jere cikin aljihun tebur, a koya wa kowa cika su, in manhaja ta dawo a shigar da su. A sa ondular, wato batirin da ke riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke, in da hali a haɗa da hasken rana. Sau ɗaya a wata uku a kashe manhajar da gangan na awa ɗaya, a ga ko aiki zai tafi. A ranar kuma a ɗauki kwafin ajiya a zuba shi cikin wata kwamfuta, a buɗe, a nemo tafiyar wata rana ta watan jiya, a duba agogo a ga minti nawa aka ɗauka. A rubuta sakamakon, mutum biyu su sa hannu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai batun sirri. Cikin rubutun nan akwai sunan matar da ta yi ɓari, yarinyar da aka yi wa fyaɗe, mutumin da ke ɗauke da cutar da bai gaya wa kowa ba. Kwafin da ba a kulle da lambar sirri ba, yana yawo a aljihun wani, tonon asiri ne ke jiran rana. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, an sabunta ta a 2022, akwai kuma hukumar HAPDP da aka ɗora wa sa ido. Don haka a kulle kowane kwafi, lambar kuma kada ta zauna a kan mutum ɗaya. Mutum biyu su san ta, a rufe ta a ambulan a ajiye wurin babban likitan gunduma. Mutum yana tafiya, yana ciwo, yana mutuwa, aikin asibiti kuma ba ya tsayawa.

Na san abin da wasu za su rubuto: "Kai malam, motar ma ba ta da taya, kana zancen kwafi." Na yarda taya da gazuwal suna gaba. Amma rubutun tafiye-tafiyen gunduma na shekara guda, in haruffa da lambobi ne kawai, bai kai nauyin bidiyon biki ɗaya da muke turawa juna ba. Kuɗin diski biyu bai kama ƙafar kuɗin tayoyin mota ɗaya ba. Abin da ake buƙata shi ne a ɗora aikin a wuyan wani da sunansa, a ba shi minti goma kowace rana, a riƙa tambayarsa. Sannan mu tuna, da wannan rubutun ne ake gano inda kuɗin tayar suka bi. Wanda ke son a sayi taya, shi ya fi kowa buƙatar kada lissafi ya ɓace.

Saboda haka ga abin da nake kira a yi.

Ma'aikatar lafiya ta fitar da ƙa'ida ɗaya a rubuce ga duk mai tafiyar da ambilans, na gwamnati da na kuɗi, ta faɗi kwafi nawa, sau nawa, a ina, da shekarun da za a ajiye.

Kada a sa hannu kan kwangilar kowace manhaja sai an rubuta cewa bayanan na asibiti ne, kuma kamfani zai miƙa su duk lokacin da aka nema, a tsarin da kowace kwamfuta ke iya buɗewa. A rubuta ƙasar da aka ajiye su, da abin da zai faru in kamfanin ya rushe.

Masu ba da tallafi su daina miƙa kwamfuta su juya. Duk furojen da ya kawo manhaja ya faɗi tun ranar farko wa zai biya kuɗin ajiya bayan tafiyarsa.

Masu binciken kuɗi su ɗauki ɓacewar bayanai a matsayin laifin aiki, daidai da ɓacewar kuɗi daga akwati. Wanda ya ce kwamfuta ta lalace, a ce masa ya kawo kwafi. In babu, ya yi bayanin dalili.

Mu kuma matasa, namu aikin ba sai mun jira doka ba. Kowane gidan likita yana da kwamitin kula da shi, COGES, kuma wakilan jama'a ne a ciki. Mu je zamansu cikin ladabi mu yi tambayoyi biyar. A ina ake rubuta tafiye-tafiyen ambilans? Kwafi nawa ke akwai? Akwai wanda ke wajen ginin nan? Yaushe aka gwada maido da shi na ƙarshe? In wuta da rezo suka ɗauke yau da dare, da me za a aika mota? Ba faɗa za mu je yi da majo ko mai karɓar kuɗi ba, yawancinsu aiki ya fi ƙarfinsu, kuma kwafi mai kyau su zai fara wankewa ranar da aka zarge su. Waɗanda suka karanta ilimin kwamfuta a jami'o'in Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, ga wurin da iliminku zai yi amfani tun kafin a ɗauke ku aiki: ku nemi izinin hukumomin lafiya, ku taimaka a tsara jadawalin kwafi, ku koyar da yadda ake gwaji, ba tare da kun buɗe sunan majinyaci ko ɗaya ba.

Duk wanda ya je ya yi tambayoyin nan, ya turo mana amsar da ya samu, da sunan gundumar kawai, ban da sunan ma'aikaci. Za mu tattara su mu kai gaban hukumomin lafiya na jihohi, wurin da aka yi daidai mu yaba a fili, wurin da babu kome mu nemi a sa ranar gyara. Damina mai zuwa ba za ta jira mu shirya ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kare direbobin da ke kwana bisa hanya dominmu.